Gidajen Koyon Noma na Yara Marasa Galihu: Tarihinsu da Abin da Takardunsu Suka Tona



A zagayen da muke yi cikin ikkilisiyoyin karkara, da wuya mu tashi daga taron dattawa ba a kawo maganar marayu ba. Waɗansu rikici ne ya bar su haka, waɗansu ciwo, waɗansu kuma iyayensu suna da rai amma talauci ya fi ƙarfinsu. Sau da yawa shawarar da ake kawowa ɗaya ce: a sami fili a bayan gari, a gina ɗakuna, a tara yaran maza a koya musu noma da kiwo, su ci daga guminsu, su girma cikin tsoron Allah. Shawara ce mai daɗin ji, daga zuciya mai kyau kuma take fitowa. Sai dai ba mu ne na farko da muka yi wannan tunani ba. Masu bi a ƙasashen Turai sun yi irin wannan aiki fiye da shekara ɗari. Sun sayi manyan gonaki, sun kwashi dubban yara zuwa can. Yau an rufe gidajen, abin da ya rage shi ne tsofaffin da suka girma a cikinsu da takardun da aka rubuta a kansu. Mun ga ya kamata mu kawo muku labarin, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Inda abin ya samo asali

A shekara ta 1833 wani matashi mai bi, Johann Wichern, ya buɗe gida domin yaran titi a kusa da birnin Hamburg na ƙasar Jamus. Bai tara su a babban ɗaki ɗaya kamar barikin soja ba. Ya raba su kamar goma sha biyu goma sha biyu, kowane rukuni da ɗakinsa da babban da yake lura da su, suna aikin lambu suna koyon sana'a. Labarin ya bazu. A 1840 aka fara karɓar yara a Mettray ta ƙasar Faransa, gona ce domin yaran da kotu ta kama da laifi, ba ta da katanga. Turawan Ingila suka je suka gani, a 1849 suka buɗe tasu a Redhill, kudu da Landan.

Dalilinsu ba shi da wuyar ganewa. A zamanin nan masana'antu sun jawo mutane daga ƙauyuka zuwa birane, gidaje suka cika maƙil, cututtuka suna kashe iyaye, yara suna kwana a ƙarƙashin gada da bisa rufin kasuwa. Masu aikin jinƙai suka ɗauka birni ne yake lalata yaro, gona kuwa za ta gyara shi. Iska mai kyau, tashi da asuba, aikin hannu da karatun Littafi Mai Tsarki, a ganinsu wannan ya isa magani.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne Thomas Barnardo, haifaffen Dablin ta ƙasar Ailan a 1845. Ya zo Landan a 1866 domin ya koyi aikin likita ya tafi ƙasar Sin aikin bishara, amma abin da ya gani a unguwannin talakawa ya tsayar da shi. A 1870 ya buɗe gidan yara maza na farko a Stepney. Wata rana aka juya wani yaro ɗan shekara 11 domin babu wurin kwana, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun kashe shi. Daga nan Barnardo ya yi alkawari ba za a ƙara juya yaro marar galihu daga ƙofarsa ba. A 1881 kuma wani malamin makarantar Lahadi, Edward Rudolf, ya kafa wa ikkilisiyar Anglikan tata ƙungiyar, wadda ta buɗe gidan gona domin yara maza a Standon a 1885.

Alkawarin Barnardo yana da kyau, amma yana ɗauke da matsala a cikinsa. Idan ƙofar shiga ba ta rufuwa, tilas a nemi ƙofar fita.

Ƙetare teku

Ƙofar fitar da aka samu ita ce ƙasashen da Birtaniya take mulki. Kanada tana da ƙasar noma ba iyaka, ba ta da isassun hannuwa. Tun a 1869 wata mace mai suna Maria Rye ta kai 'yan mata can, a 1870 Annie Macpherson ta kai yara maza. Barnardo ya aika da ayarinsa na farko a 1882, daga baya ya sayi babbar gona a Russell cikin lardin Manitoba inda samari suke koyon aiki kafin a raba su ga manoma. Ana ba kowane yaro akwati da tufafi da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, a sa shi jirgin ruwa. Daga 1869 zuwa shekarun 1930 yara kimanin 100,000 aka kai Kanada ta wannan hanya, kusan 30,000 a cikinsu ta hannun ƙungiyar Barnardo.

Manomi yakan rubuta takarda yana neman yaro mai shekara kaza, a aiko masa ta jirgin ƙasa da suna rataye a wuyan riga. Waɗansu yaran sun faɗa hannu nagari, aka riƙe su kamar 'ya'yan gida. Waɗansu da yawa kuwa barori suka zama, suna kwana a ɗakin dabbobi cikin sanyin da yake daskarar da ruwa, makaranta sai lokacin da babu aikin gona. Gonakin suna nesa da juna, mai duba lafiyar yaran yakan zo sau ɗaya a shekara in ya zo, sau da yawa kuma a gaban maigidan yake tambayar yaro ko lafiya. Wane yaro ne zai ce ba lafiya? Tun a 1875 wani jami'in gwamnati, Andrew Doyle, bayan ya je ya duba, ya rubuta cewa babu isasshen sa ido. Aka ci gaba da aikawa. Sai a 1925 Kanada ta hana shigo da yaran da ba su kai shekara 14 ba in ba tare da iyayensu ba.

Wani mutum, Kingsley Fairbridge, ya ga wannan kuskure ya yi niyyar gyara shi. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1885, ya girma a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau. Shi ya ce kada a raba yara ƙanana ga manoma kai tsaye, a fara riƙe su a makarantar gona har su girma. Ya kafa ƙungiyarsa a 1909 yana ɗalibi a Oxford, a 1912 shi da matarsa suka sauka a Pinjarra cikin yammacin Ostareliya, a farkon 1913 yara maza 13 na farko suka iso. Ya rasu a 1924 yana da shekara 39, amma aikin ya ci gaba, aka buɗe waɗansu makarantun a Kanada a 1935, a Molong ta Ostareliya a 1938, da Bulawayo a 1946.

Yadda rayuwa take a makarantar gona

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin wannan shi ne kamannin abin da dattawanmu suke tunani.

A makarantun Fairbridge yara suna zama cikin ƙananan gidaje, kowane gida da yara kamar goma sha huɗu da mace ɗaya da ake kira uwar gida. Ba takalmi suke yawo, rani da damina. Ƙanana suna zuwa makaranta, amma kafin su tafi da bayan sun dawo akwai shara, faskare da aikin lambu. Da yaro ya kai shekara 14 ko 15 sai a cire shi daga aji ya shiga aikin gona sosai: tatsar shanu tun kafin gari ya waye, kiwon aladu da kaji, yanka, gashin burodi, girbi. Bayan kamar shekara biyu a tura shi ƙodago a gonar wani, can cikin daji, a riƙe masa wani kashi na ladansa sai ya cika shekara 21. 'Yan mata kuma aikatau ake tura su.

Wani zai ce, to mene ne laifin wannan? Ai mu ma da fartanya muka tashi. Gaskiya ne, babu wanda zai koya wa manomi cewa aiki yana gina yaro. Amma mu duba bambancin. Yaron da yake aiki a gandun mahaifinsa yana da gayaunarsa. Ya san wata rana gonar za ta zama tasa da 'yan'uwansa, in lokacin aure ya yi za a yi masa. In mahaifin ya matsa masa fiye da kima, akwai kaka, akwai kawu, akwai maƙwabcin da zai leƙo ta kan danga ya ce ya isa haka. Yaron makarantar gona ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. An yi masa alkawari zai zama manomi mai gonar kansa, amma kaɗan ƙwarai ne suka kai ga haka, gama ba a ba su fili ba, ba a ba su jari ba, karatun da zai kai su wani aikin kuma an yanke musu shi. Gonar makarantar ce take ciyar da makarantar, saboda haka duk lokacin da aka rasa kuɗi, aikin yara yake ƙaruwa, karatu ya ragu. Sannu a hankali sai aka juya abin: maimakon gona ta kasance domin yara, yara suka kasance domin gona.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A yammacin Ostareliya ƙungiyar Katolika mai suna Christian Brothers tana da gidaje a Bindoon da Tardun da waɗansu wurare. A Bindoon yara ne suka gina manyan gine-ginen dutse da hannuwansu, suna dama siminti ba takalmi. Da yawa sun ba da shaida daga baya a kan duka mai tsanani da lalata da manya suka yi da su. Ƙungiyar ta fito ta nemi gafara a 1993. Irin wannan shaida ta fito daga Molong ma, har a 2015 aka amince a biya tsofaffin yaran wurin diyyar dalar Ostareliya miliyan 24. Kada wani a cikinmu ya nuna wa wata ɗarika yatsa. Katolika, Anglikan, Methodist da Salvation Army duk sun aika da yara ko sun karɓe su, kuma bincike bai bar kowa da farar riga ba. Abin da ya haɗa gidajen shi ne nisa daga idon jama'a, da kuma cewa mai riƙon gidan mutumin Allah ne a idon kowa, maganar yaro ba ta da nauyi a gabansa.

Ba za mu ɓoye ba, akwai tsofaffin da suke tuna wuraren nan da godiya, suna cewa da an bar su a titin Landan da ba su rayu ba. Maganarsu gaskiya ce, ta waɗancan ma gaskiya ce. Sau da yawa a gida ɗaya suka zauna, bambancin kawai hannun da kowa ya faɗa.

Gwamnati ba za ta ce ba ta sani ba. A Janairu 1945 wani yaro ɗan shekara 12, Dennis O'Neill, ya mutu da yunwa da duka a wata gona a Shropshire cikin Ingila inda hukuma ta ba da riƙonsa. Mutuwarsa ta tayar da ƙasa, ta taimaka aka yi sabuwar dokar yara a 1948. Duk da haka bayan yaƙin duniya na biyu an ƙara aika yara kimanin 4,000 zuwa ƙetare, yawancinsu Ostareliya. A 1956 wata tawagar gwamnati ta je ta duba, ta dawo da jerin gidajen da bai kamata a ƙara kai yaro ba. Aka ɓoye jerin, aka ci gaba har zuwa 1970.

Abin da aka rubuta da abin da aka ɓoye

Yanzu bari mu zo ga takardu, gama a nan ne darasin ya fi shafarmu.

Mutanen nan marubuta ne ƙwarai. Barnardo yana da manyan littattafan rajista inda ake rubuta sunan yaro, ranar haihuwa, tsawonsa da nauyinsa, tabon da yake jikinsa, sunayen iyaye da dangi, da dalilin kawo shi. Tun 1874 ake ɗaukar hoton yaro ranar da ya shigo. A kan hotunan ma an taɓa tuhumarsa a 1877 cewa ana yayyaga wa yara riga kafin a ɗauka, domin masu ba da taimako su ji tausayi. Mu da muke aika hotunan marayu ga masu tallafa mana, wannan ya kamata ya sosa mana rai.

Amma domin wa aka rubuta takardun? Domin ofis, domin masu ba da kuɗi, domin kāre ƙungiya a kotu. Ba a rubuta su da tunanin cewa wata rana yaron zai zo da furfura yana tambaya ba. Akwai kuma lokacin da aka ƙi rubutawa da gangan. A 1888 aka karɓi wani yaro mai suna Harry Gossage a gidan Barnardo. Da mahaifiyarsa ta nemi a mai da shi gidan Katolika, sai aka tarar an riga an ba da shi ga wani mutum da ya ce zai tafi da shi Kanada, ba a kuwa karɓi adireshinsa ba. Shari'a ta yi shekaru har ta kai kotun ƙoli ta ƙasar, amma ba a ga yaron ba. Iyayen da ƙungiyar take ganin ba su da hali nagari kuma, sai bayan jirgi ya tashi ake aika musu takardar sanarwa.

Kalmar maraya ita ce ƙarya mafi girma a cikin labarin nan. Yawancin yaran suna da uwa ko uba da rai. Akwai matar da mijinta ya mutu ta kai yaro a riƙe mata kafin ta sami aiki, akwai yarinyar da ta haihu ba aure iyayenta suka tilasta mata saboda kunya. Uwa ta dawo ɗaukar ɗanta a ce mata wani iyali mai arziki ya ɗauke shi. Shi kuma yaron a can ƙetaren teku a ce masa iyayenka sun mutu. Waɗansu an canja musu suna ko ranar haihuwa. An raba wa da ƙane a bakin jirgi, ɗaya gabas ɗaya yamma. Masu yin haka suna cewa gara yaro ya yanke da baya gaba ɗaya ya fara sabuwar rayuwa.

A 1986 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a birnin Nottingham, Margaret Humphreys, ta sami wasiƙa daga wata mace a Ostareliya. Matar ta ce tana 'yar shekara huɗu aka sa ta a jirgin ruwa ba uwa ba uba, tana so ta san ko ita wace ce. Da farko Margaret ba ta gaskata cewa irin wannan ya taɓa faruwa ba. Da ta bincika, sai ta tarar ba mutum ɗaya ba ne, dubbai ne. A 1987 ta kafa ƙungiyar Child Migrants Trust. Aikinsu shi ne bin sawu: daga jerin fasinjojin jirgi zuwa rajistar haihuwa, daga nan zuwa littafin baftisma na wata majami'a, zuwa rajistar aure da ta mutuwa, har a kai ga ƙofar wani gida. Waɗansu sun sami iyayensu mata da rai, tsofaffi tukuf, waɗanda suka yi shekara arba'in ko hamsin suna jira. Waɗansu sun makara da shekara ɗaya ko 'yan watanni, kabari kawai aka nuna musu.

Ku lura da abin da ya taimaka a wannan bincike. Sau da yawa layi ɗaya ne da wani magatakarda ko limamin majami'a ya rubuta ba tare da ya san amfaninsa ba: sunan mahaifin uwa, sunan unguwa, sunan wanda ya tsaya wa yaro ranar baftisma. Inda aka rubuta daidai, an sami hanya. Inda aka yi kasala ko aka yi ƙarya, ko takardun suka ƙone, ko aka zubar da su lokacin da aka rufe gida, hanya ta toshe har abada.

Samun ganin takardun ma sai da aka yi fama. Ƙungiyoyi suna cewa takardun nasu ne, asiri ne. Wani saurayi da ya girma a hannun hukumar birnin Liverpool, Graham Gaskin, ya kai ƙara har kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 1989 aka ba shi gaskiya. A 1995 ƙungiyar Barnardo ta fara buɗe wa tsofaffin yaranta fayil ɗinsu na asali. Abin da suka tarar a ciki ba duka ne mai daɗi ba. Wani ya ga an rubuta shi daƙiƙi ne ko malalaci, yana ɗan shekara tara. Wani ya ga an kira mahaifiyarsa da sunan da ba ya faɗuwa. Mafi ciwo shi ne wasiƙu: uwa ta yi ta rubutowa shekara da shekaru tana tambayar ɗanta, aka jera wasiƙun cikin fayil ba a taɓa ba shi ko ɗaya ba, shi kuwa ya girma yana zaton an yar da shi ne. Amma a cikin fayil ɗin ne kuma wani ya fara ganin hotonsa na yarinta, yana da shekara saba'in.

Neman gafara ya zo daga baya. Firayim Ministan Ostareliya Kevin Rudd ya nema a ranar 16 ga Nuwamba 2009, na Birtaniya Gordon Brown a ranar 24 ga Fabrairu 2010, majalisar wakilan Kanada kuma a 2017. A 2018 wani kwamitin bincike a Birtaniya ya ce a biya waɗanda suka rage da rai, daga 2019 aka fara ba kowane ɗaya fam 20,000. Da yawa sun riga sun mutu kafin ranar.

Igiyar da ta iso har gidanmu

Labarin bai yi nisa da mu kamar yadda muke zato ba. Barnardo yana saurayi a Dablin ya zauna a ajin wani mai wa'azi, Henry Grattan Guinness. 'Yar wannan mutum, Lucy, ita ce matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ta SUM, wadda ta iso Wase a 1904, uwar ikkilisiyoyi da yawa a cikinmu. Lucy ta rasu a 1906. Da sunanta aka buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha a bakin kogin Binuwai a 1909, aka kwaso yaran da gwamnatin Turawa take riƙo a Zungeru aka kawo su can. Yara ne da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, da yawa ba su san hanyar garinsu ba. An koya musu karatu da aikin hannu, waɗansu suka zama ma'aikata a tashoshin mishan. Aka mai da gidan Wukari a 1918, aka rufe shi a 1925. Akwai iyalai a cikin ikkilisiyoyinmu da asalinsu ya tsaya a ƙofar wannan gida, in sun nemi wucewa baya sai abin da wani ya rubuta a rajista.

Littafin da kowace ikkilisiya za ta iya ajiyewa

Ba mu ce kada a taimaki marayu ba, Yakubu 1:27 yana nan bai gushe ba. Ba mu kuma ce noma ba sana'a ba ce. Amma kafin a aza tubali, dattawa su fara tambaya ko yaron ba shi da kowa da gaske. Wani bincike da ƙungiyar Save the Children ta buga a 2009 ya nuna cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da suke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba da rai. Kuɗin da zai ciyar da yaro ɗaya a gidan marayu yakan isa a tallafa wa gwauruwa da taki da kuɗin makaranta ta riƙe 'ya'yanta duka a ɗakinta. Al'adarmu ta riƙo, inda goggo ko kawu yake ɗaukar yaro, tana da nata laifofin, mun san 'yan riƙon da suka zama bayin gida. Amma yaron yana cikin harshensa da danginsa, idon zumuntar mata kuma yana iya kaiwa gare shi.

Ko yaro yana hannun dangi, ko wani ya zo daga birni ya ce zai kai shi makaranta, ko yana gidan da ikkilisiya take riƙe da shi, sakataren ikkilisiya ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. A rubuta cikakken sunan yaro, har da sunan gida da ake kiransa da shi, kada a canja masa suna. A rubuta sunan uba da na kaka, sunan uwa da gidan da ta fito, ƙabila da harshe, ƙauye da unguwa da sunan mai unguwa, sunayen 'yan'uwansa da inda kowannensu yake. In ba a san ranar haihuwa ba, a rubuta cewa kimantawa aka yi, kada a ƙirƙiro. A rubuta wanda ya kawo shi, wanda ya yarda, da shaidu biyu. In uban ya bar gona ko dabbobi, a rubuta iyakarsu da wanda yake riƙe da su, domin rigimar gadon maraya takan taso ne bayan shaidu sun mutu. Duk wanda zai tafi da yaro wani gari, a san gidansa da ikkilisiyarsa, a kuma sa ranar da wani zai je ya ga yaron, ya yi magana da shi su biyu, ba a gaban mai riƙonsa ba. A nema masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko ofishin da yake wannan aiki a ƙasarku.

Mun taɓa ziyartar wani gidan yara inda aka fito mana da rajista daga ƙarƙashin gado, gara ta cinye rabinta, shekara shida na sunaye sun zama ƙasa. Mai riƙon gidan ya ce kada mu damu, duk yana riƙe da su a ka. Shekarunsa sun haura saba'in. Saboda haka a yi kofi biyu, ɗaya a akwatin ƙarfe a gidan fasto, ɗaya a ofishin gunduma, gama mun ga majami'u da aka ƙone da littattafan baftismarsu a ciki. In an canja fasto, a miƙa littafin a gaban dattawa kamar yadda ake miƙa littafin kuɗi.

Mai rubutu kuma ya riƙa tunawa cewa yaron nan zai karanta shafinsa wata rana. Ya rubuta abin da ya faru, ya bar zagi da hukunci a kan uwar. Littafin ba na karantawa a taro ba ne, amma in mai shafin ya girma ya zo, haƙƙinsa ne a buɗe masa, wani dattijo ko uwa mai hankali ta zauna kusa da shi sa'ad da yake karantawa. In akwai hoton iyayensa, ko wani ɗan abin da aka kawo shi da shi, ko da zane ne ko munduwa, a ajiye masa. Saƙon da uwa ko dangi suka aiko, na baki ko na takarda, a ba shi a ranar da ya iso.

Ma'aikatanmu za su zo da samfurin shafin rajistar a zagaye mai zuwa. Ikkilisiyar da take da tsohon littafin baftisma ko na marayu da ya fara lalacewa ta fito da shi a ranar, mu zauna tare mu kwafe shi.